Ƙarar Buta Da Tsakar Dare: Abin Da Jinyar Mahaifina Ta Koya Mini

 A wannan mako ina roƙon arzikinku, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda Allah ya bar musu iyayensu maza da rai, ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da ba a saba yin ta a zaure ba, balle a jarida. Maganar kuwa ita ce ta fitsarin dattijo. Na san wani zai yamutsa fuska ya ce wannan ai rashin ta ido ne. To, a yi mini uzuri. Shekara uku na yi ina jinyar mahaifina a kan ciwon dajin da ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, har Allah ya karɓi abinsa. Ajali dai ba ya gaba ba ya baya, wannan mun yi imani da shi. Amma wahalar da bawan Allah nan ya sha, da mun buɗe baki da wuri, da an rage masa ita ƙwarai.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi da atamfa, mutum mai kuzari wanda bai san kwanciya asibiti ba. Da ya haura shekara sittin da biyar sai na fara jin ƙarar butarsa da tsakar dare, sau huɗu, wani lokaci sau biyar, domin ɗakina yana daura da turakarsa. Muka yi ta murna a ɓoye, muna cewa tsoho ya ƙara ƙaimi wajen tsayuwar dare. Daga baya sai ya bar sahun farko, inda ya shekara talatin yana tsayawa, ya koma can baya kusa da ƙofar masallaci. Ya daina tafiya Legas sarin kaya, ya ce ƙuruciya ta ƙare, yara su je. Ya daina shan ruwa in an yi la'asar. Duk waɗannan abubuwa a gabanmu suka faru, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Mahaifiyarmu ta sani, gama ita ke kula da wankinsa, amma kunya ta hana ta gaya wa 'ya'yanta. Ni kuwa ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, to ina zan ga fuskar tambayarsa yadda yake fitsari? Shi kuma a nasa ɓangaren ya ɗauka sanyi ne, in ba sanyi ba basir, ya yi ta sayen jiƙe-jiƙe wurin masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, yana haɗawa da kafso daga kemis. Haka aka shekara biyu. Ran nan da daddare fitsari ya tsaya cik, mara ta kumbura, dattijon da ban taɓa jin ya yi raki ba ya riƙa nishi yana kiran sunan Allah. Muka ɗauke shi sai asibiti, aka sa masa roba, fitsari ya zubo. Bayan an yi awo iri iri likita ya kira ni gefe ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai ga ƙashin baya. Sa'an nan ya tambaye ni, "Tun yaushe Baba yake wannan fama?" Na sunkuyar da kai, domin amsar tana wurina, na ji ta da kunnena dare bayan dare.

MENE NE WANNAN CIWO?

A jikin kowane namiji akwai wata 'yar tsoka, girmanta bai wuce na ƙwayar goro ba, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar da fitsari ke bi ya fita. Likitoci suna kiran ta furostet. Aikinta shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. Mata ba su da ita. Idan namiji ya manyanta, yawanci daga shekara hamsin zuwa sama, wannan tsoka takan ƙara girma ta matse hanyar fitsari. Shi ya sa za ka ga dattijo yana yawan tashi da dare, ko ya tsuguna ya daɗe fitsari bai zo ba, ko ya zo ba ƙarfi yana tsinkewa, ko ya gama ya tashi sai ɗigo ya biyo baya.

A nan sai mai karatu ya lura da kyau. Yawancin masu wannan kumburi ba ciwon daji ne da su ba, girma ne kawai irin na tsufa, kuma akwai maganinsa na sha da na tiyata. Amma a cikin wannan tsoka ɗin dai ciwon daji yakan tsiro, kuma mugun halinsa shi ne a farkonsa sau da yawa ba ya nuna alama ko ɗaya. Mutum yana cinikinsa, yana zuwa ofis, yana cin tuwonsa, abu na ci a ɓoye. In ya yi nisa sai a ga jini a fitsari ko a maniyyi, ciwon baya da na ƙugu wanda ba ya jin magani, rama ba dalili, kasala, har ƙafafu su mutu. Saboda haka kumburin tsufa da ciwon daji ba a rarrabe su a zaure ko a kemis. Awon asibiti kaɗai ke raba gardama.

WA YA FI KAMAWA?

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 maza wajen miliyan ɗaya da rabi aka samu da wannan ciwo a duniya, kuma kusan 400,000 suka mutu ta dalilinsa. A Nijeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kowane kama maza. Ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin masu ciwon kimanin 18,000, waɗanda suka mutu kuwa sun haura 11,000. A 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya yi hasashen cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne za su fi jin jiki.

Abubuwa uku ne aka tabbatar suna ƙara haɗarin kamuwa. Na farko shekaru, domin ciwon bai cika kama wanda bai kai arba'in ba, yana yawaita ne bayan hamsin. Na biyu launin fata. A Ingila an lissafa cewa cikin kowane maza takwas ɗaya zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a tsakanin baƙaƙen fata ɗaya ne cikin huɗu. Na uku gado. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau biyu ko fiye. Ashe ke nan mai jinyar uba yau, shi ne abin dubawa gobe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya kamu kwanansa ya ƙare. An yi wa Nelson Mandela gashin wannan ciwo a 2001 yana da shekara 83, ya rayu har 2013. An gano shi a jikin Desmond Tutu a 1997, bai rasu ba sai 2021. A nan gida, Farfesa Wole Soyinka ya fito fili a 2014 ya shaida wa duniya cewa ya yi fama da shi kuma an yi masa magani. A Amurka, waɗanda aka gano ciwon bai fita daga inda ya tsiro ba, kusan dukansu suna nan da rai bayan shekara biyar. Waɗanda ya riga ya bazu zuwa ƙashi kuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke kai wannan lokaci. Bambancin duka yana ga ranar da aka je asibiti.

RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBIYA

Awon farko mai sauƙi ne. Ana ɗibar jini kaɗan a hannu a duba wani sinadari da ake kira PSA, wanda ita wannan tsoka ke fitarwa. In ya hau fiye da ƙima, alama ce a ƙara bincike. Hawansa ba ya nufin lalle daji ne, domin kumburin tsufa ko ƙwayar cuta a hanyar fitsari su ma suna ɗaga shi, haka kuma wani lokaci yakan tono ciwo mai tafiyar hawainiya wanda ba zai taɓa cutar da mai shi ba. Shi ya sa ake son likita ya yi wa mutum bayani kafin awon da kuma bayansa. Ƙungiyoyin yaƙi da ciwon daji na Amurka da Ingila suna ba baƙar fata, da wanda ciwon ke cikin danginsa, shawara ya fara wannan magana da likita tun yana shekara 45, sauran maza kuwa daga 50.

Awo na biyu shi ne wanda dattawanmu ke gudu. Likita yakan sa safar hannu ya taɓa tsokar da yatsa ta dubura, don ya ji ko ta yi tauri ko ta yi ƙulli. Bai kai minti ɗaya ba. In an ga abin shakka sai a ɗauki hoton ciki, a kuma tsakuro ɗan ƙanƙanin nama da allura a kai ɗakin awo, wanda shi ne ke yanke hukunci.

Da aka zo wannan mataki mahaifina ya ƙi, ya ce da girmansa da furfurarsa ba za a tozarta shi ba. Ni ba ni da bakin yi masa musu. Sai na je na sami amininsa, wani dattijo da suka yi karatun allo tare, na gaya masa kome. Shi kuma ya ɗauko limamin unguwarmu, suka shiga turaka su uku. Liman ya tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani, kuma neman magani ba ya rushe tawakkali. Ya ce malamai sun halatta wa likita ya duba al'aura gwargwadon bukata in larura ta kama. Amininsa kuma ya yi masa irin maganar da sa'a kaɗai ke iya yi wa sa'ansa. Kashegari da kansa ya ce a fito da mota. Wannan shi ne darasi na farko da nake so mai karatu ya riƙe: in bakinka ya yi nauyi a gaban mahaifinka, nemi wanda nasa bai yi ba.

Akwai kuma wata magana da ta zauna a zukatan mutanenmu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Abin da ya jawo wannan zato shi ne, ba a kai mara lafiya asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, in ya rasu bayan kwana kaɗan sai a ɗora wa allura laifi. Jinkirin ne ya yi ɓarna. Addu'a da rubutu da tofi ba wanda ya hana, mu ma mun yi, amma a haɗa su da zuwa wurin waɗanda Allah ya ba ilmin abin.

MAGANI

Magani ya danganta ga inda ciwo ya kai. In ƙarami ne mai jinkirin girma, likita yakan ce a sa masa ido kawai, a riƙa awo lokaci lokaci. In bai fita daga tsokar ba, ana iya cire ta da tiyata, ko a yi gashi da na'ura, kuma da yawa suna warkewa sarai. In ya bazu, sai a koma ga hanyar da wani likita a Shikago, Charles Huggins, ya gano a 1941, har aka ba shi lambar Nobel a kanta a 1966. Ya nuna cewa wannan ciwo yana samun abincinsa ne daga sinadarin mazakuta da maraina ke fitarwa, in an yanke masa shi sai ya lafa. A yau ana yin haka da allura duk wata ko duk wata uku, ko kuma da 'yar ƙaramar tiyata a maraina. Bayan wannan akwai wasu magunguna na sha da na ƙarin ruwa.

Mahaifina allurar wata uku aka sa shi. Cikin ikon Allah ciwon baya ya sauka, aka cire roba, ya koma kasuwa yana zama a bakin rumfa, fiye da shekara ɗaya da rabi. Sai dai kowane magani da nasa nauyi. Tiyata da gashi suna iya barin yoyon fitsari ko raunin kusantar iyali. Allurar kuwa takan kawo zufa da jin zafi farat ɗaya, kasala, raguwar sha'awa, raunin ƙashi, da saurin fushi. Wajibi ne a zaunar da matan gida a yi musu bayani, musamman gidan da ke da mace fiye da ɗaya, don kada a fassara larura da ƙiyayya ko sammu, a tayar da fitina a kan mara lafiya.

AIKIN MAI JINYA

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Isra'i, ya yi wasiyya da kyautata wa iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Ban san nauyin wannan wasiyya ba sai ran da na durƙusa ina zubar da jakar fitsarin mahaifina, shi kuma ya kau da kai yana hawaye. Na ce, "Baba, ai kun yi mini wanda ya fi wannan." Daga ranar ya saki jiki da ni.

Abin da ya fi damunsa ashe ba zafin ciwo ba ne, tsarki ne. Shi ya raba shi da sahun farko, yana ganin sallarsa ba ta karɓuwa. Liman ya warware masa, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya yoyon fitsarin da ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, an dai so ya sabunta ta ga kowace salla in ba zai wahala ba, kuma an yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufafi saboda wuyar kiyaye shi. Mas'alar tana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance, wanda ruwa zai cutar ya yi taimama. Dattijo ya shekara biyu yana ɗauke da damuwar da malami ya sauke masa cikin minti goma.

Ga kaɗan daga abin da ma'aikatan jinya suka koya mini. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara kullum, a zubar kafin ta cika, a wanke hannu da sabulu kafin taɓa ta da bayan an taɓa, a kuma canja roba a ranar da asibiti ya sa. Kada a hana mara lafiya ruwa don gudun fitsari. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi kamar duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya. A tanadi littafi guda a riƙa rubuta sakamakon awo, da sunan magani, da ranar komawa asibiti. Kada a yi ta ɗura masa maganin ciwon jiki na kemis, gama yawansa yana lalata ƙoda da ciki. In zafi ya tsananta likita yana da magani mai ƙarfi, a ba shi bisa ƙa'ida, barin mutum cikin azaba ba jarumtaka ba ce. Abubuwa uku kuwa ba a kwana da su a gida: fitsari ya tsaya, zazzaɓi mai zafi ga mai roba, da ƙafafu su yi nauyi ko su mutu farat ɗaya. Na ƙarshen nan alama ce ciwon ya danne laka, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya sa mutum ya daina tafiya.

Sa'an nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na so in yi kome ni kaɗai, sai da na kusa rasa aikina, na kuma fara yi wa iyalina faɗa ba dalili. Da muka zauna da 'yan'uwana muka raba kwana da kuɗi da zirga-zirgar asibiti, sai kowa ya sami numfashi. Maganar kuɗi kuwa babba ce, mun sayar da fili. Ma'aikacin gwamnati ya binciki abin da inshorar lafiyarsa ta ƙunsa tun kafin bukata ta taso. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono, da na bakin mahaifa, da wannan na maza, aka fara da asibitoci shida, cikinsu har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na tarayya da ke Gombe, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Mai jinya ya tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya. Attajiranmu kuma, in lokacin fitar da zakka ya zo, su tuna da talakan da ke kwance da roba ba shi da kuɗin allura.

KIRA GA JAMA'A

Bayan an yi sadakar bakwai na tara ƙannena maza na gaya musu abin da likita ya ce game da gado. Mu uku da muka haura arba'in da biyar muka tafi tare aka ɗebi jininmu. Na kuma yi wa babban ɗana izini, na ce in ya ga na fara yawan fita da buta, ya tambaye ni kai tsaye, na yafe masa kunyar.

Ina roƙon limamai da masu wa'azi su sa wannan magana cikin karatun tsarki, domin dattijon da ba zai saurari ɗansa ba zai saurari malaminsa. Shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin ma'aikata su gayyato likitoci su yi wa jama'arsu bayani. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin mafitsara, kuma babban asibitin garinku zai iya tura mutum can. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin halin da ake ciki, ku gaya wa wanda zai iya yin wani abu. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in ka ji ƙarar butar tsohonka ta yawaita da dare, ka yi masa kyakkyawan zato, amma gari na wayewa ka nemi hanyar da za a kai shi awo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.